Jegon Lantana

A shekarar da aka daina kashe fam da sule aka koma naira, Lantana ta zo gidan iyayenta a Tsafe don ta haihu. Haihuwar fari ce, kuma kowa ya san a gaban iyaye ake yin ta. Mijinta Ɗahiru, wani tela a Bungudu, shi ya rako ta da kansa, ya sauke itacen wanka har ya kusa toshe ƙofar gida, ya koma yana waige. Da damina ta fara zama ta sauka lafiya, aka samu ɗa namiji. Ranar suna aka raɗa masa Ibrahim, mata suka mayar da shi Iro.

Delu, uwar Lantana, ta yi murna har cikin ranta, amma ba wanda ya gani a fuskarta. Lantana ce 'yarta ta fari, kuma Delu irin matan nan ne da suka ɗauki kunyar ɗan fari kamar farilla. Tun ranar yaye ta miƙa yarinyar ga Gwaggo Kulu, yayar mijinta Malam Bawa, wadda ke zaune a gidan tun rasuwar nata mijin. Ɗakunansu suna kallon juna, amma Lantana ta girma har ta yi aure Delu ba ta taɓa kama sunanta ba. In ta kama dole sai ta ce "ɗiyar Yaya," in kuwa ido da ido ne, "ke" ta wadatar.

Ita kuwa Lantana, Allah bai yi ta da shiru ba. In tana niƙa, maƙwabta sun sani. Tana kwaikwayon tafiyar kowa a unguwa, har ta liman, Gwaggo Kulu ta bi ta da muciya tana dariya. Ɗahirun ma ita ta zaɓi abinta, ta kuma faɗa da bakinta a gaban mutane, abin da ya sa tsofaffi suka riƙe haɓa.

Saboda haka da jego ya zo aka ga ta yi tsit, sai mata suka ce madalla, haihuwa ta sa mata hankali. In an shigo barka ta sunkuyar da kai. In an miƙo mata jaririn ta kau da fuska, sai Gwaggo Kulu ta ɗora mata shi a cinya ta kama masa nono. Ba ta kallonsa, ba ta yi masa wasa, ko ya tsala kuka ba ta motsawa.

"Kai, Kulu, kin iya reno," in ji masu barka. "Ɗiyan yanzu da sun haihu sai su rungume abinsu gaban kowa, ko kunya babu. Wagga kam ta gado uwarta."

Gwaggo Kulu ta riƙa fankama da wannan yabo. Safe da yamma ta tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen runhu ta fyaɗa wa mai jego har tururi ya rufe makewayi, ta zuba garwashi a ƙarƙashin gadon ƙasa, ta dama kunun kanwa mai yaji. Delu ma da fari ta ji daɗin yabon, ba za a yi mata ƙarya ba. Wace uwa ce za ta ƙi a ce 'yarta ta gado ta?

Sai dai Delu ce ke wanke kwanuka, kuma kwano ba ya ɓoye magana. Kunun yana dawowa kamar yadda aka kai shi. Farfesun ƙafar saniya da Ɗahiru ya aiko, wanda a da Lantana za ta tanɗe har hannu, ya kwana ya yi sanyi a rufe. Kitson suna ya tsufa ya cukurkuɗe, ba ta ce a tsefe ba. Da Delu ta yi wa Gwaggo Kulu maganar a kaikaice, sai ta ce sanyi ne ke neman shigarta, ta ƙara wa ruwan wanka wuta.

Abin da ya fi damun Delu wani abu ne da ba ta iya faɗa wa kowa. Ita ta san kunyar ɗan fari daga ciki, don ta yi ta da gaske. Kunya a gaban mutane ake yin ta, ba wanda ke jin kunyar bango. Mai kunya tana kau da kai, amma kunnenta na kan yaron. Tana satar kallo ta wutsiyar ido, kuma da zarar ɗaki ya zama ba kowa sai ta wawuri abinta ta shinshina masa wuya. Delu ta zuba ido ta ga Lantana ta yi satar kallon nan ko sau ɗaya, ba ta gani ba.

Ran nan da azahar Gwaggo Kulu ta tafi gaisuwar mutuwa, ƙannen Lantana suna gona tare da ubansu. Delu ta ɗaga murya ta ce wa iska, "Bari in shiga maƙwabta in ɗebo wuta." Ta ja takalmanta da ƙarfi har zaure, ta tuɓe su a can, ta dawo a sanɗa ta laɓe a bakin asabarin ɗakin mai jego. Tsohuwar mace da laɓe, ita kanta ta ji nauyin abin.

Iro yana kwance a kan gado yana kuka har muryarsa ta dishe. Lantana na zaune kusa da shi, miƙa hannu kawai za ta yi. Hannayenta na kan cinya, idonta na kan bango. Nono ya jiƙa mata zani. Hawaye na zuba daga idonta yana ɗiga daga haɓa, amma fuskar ba ta motsi, ba ta kuma share ba. Delu ta tsaya har ƙafarta ta yi tsami tana jiran hannun nan ya ɗaga, bai ɗaga ba. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, ta ɗage asabarin ta shiga.

Ta ɗauki jaririn ta jijjiga shi ya yi shiru, ta zauna a bakin gadon. Ba ta san ta inda ake fara hira da wannan yarinya ba, don ba ta taɓa yi ba.

"Ke," ta ce. "Mi as same ki?"

"Ba komi, Inna."

"Ba kowa gidan. Daga ni sai ke. Wani wuri ke miki ciwo?"

Lantana ta girgiza kai. Sai can ta ce, a hankali kamar mai ɗaga dutse, "Ba ni jin komi ne. Ina duba shi, in ji kamar ɗan wata anka aje mini. Abinci kamar ƙasa. In gari ya waye in ji ina ma bai waye ba. Yaron ga da wata Allah ya ba shi da ya huta."

"Subhanallahi! To don mi ba ki faɗi ba?"

"Mi zan faɗi? Kowa na cewa na kyauta." Ta juyo ta dubi uwarta, ba da faɗa ba, ba da gori ba. "Na zaci haka aka ji. Na zaci ke ma haka kinka ji da kinka haife ni."

Da mari Lantana ta kai mata da ya fi sauƙi. Delu ta ji maganar ta shige ta har ƙashi. Ashe duk shekarun nan da ake yaba mata, yarinyar da ke ɗakin can abin da ta fahimta ke nan.

"A'a," in ji Delu. "Wallahi a'a. Ni da ko tari kinka yi ɗakin Yaya sai na tashi zaune. Wanga abu da ke damunki ba kunya ba ne. Ban san sunansa ba, amma ba ita ba ce."

Lantana ta mayar da idonta bango. Delu ta so ta rungume ta, hannun ya ƙi saboda bai saba ba, sai ta dafa mata gwiwa kawai ta bar hannun a nan.

Da yamma ta gaya wa Malam Bawa. Mutum ne mai awon hatsi a kasuwa, ba ya son tashin hankali, kuma yana da 'yan mata biyu da ba su yi aure ba. Ya ce a rufa maganar, kada duniya ta ji ta ce akwai taɓuwa a gidansu. Ya karɓo rubutu wurin malaminsa, Gwaggo Kulu ta kawo hayaƙi ta ce ƙila iska ce ta shafe ta a makewayi. Lantana ta sha rubutun, ta shaƙi hayaƙin, don ba ta musu da kowa a kan komai. Ba abin da ya sauya, sai rama da ta ƙaru.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Delu ta fito daga madafa ta hango Lantana tsaye a bakin rijiyar tsakar gida. Mai jego ba ta ɗiban ruwa, kuma ba guga a hannunta. Ta dafa bakin rijiyar tana leƙa ciki. Delu ba ta yi ihu ba. Ta taka a hankali ta kama ta a damtse, ta ce, "Taho ki zauna inuwa." Lantana ta biyo ta ba gardama, ta ce, "Kallo kawai nike, Inna."

Delu ba ta jira dare ba. Ta aika aka kira Malam Bawa daga kasuwa, ta gaya masa abin da ta gani, ba ta rage ba.

"Malam, Gusau zan kai ta, asibiti. In mutane sun ce hauka, su ce. Gara su ce da a zo muna gaisuwa."

Gwaggo Kulu ta yi tsalle ta dire. "Kin taɓa jin inda mai jego ta fita ba ta yi arba'in ba? Cikin daminar ga? In sanyi ya kama ta, wa za a ce? Ni za a ce!"

Malam Bawa ya dubi rijiyar. Ya tashi ya je zaure, ya cire ƙyauren ƙofa da hannunsa, ya kinkimo shi ya rufe bakin rijiyar, ya ɗora turmi a kai. Ya tsaya yana haki, sannan ya ce, "Gobe ku bi motar safe."

Haka suka fita, Lantana naɗe cikin bargo kamar yadda Gwaggo Kulu ta kafe, Iro a bayan Delu. Akori-kura ce cike da buhunan masu zuwa kasuwa. Suka wuce duwatsun Kwatarkwashi da hadari zaune a kansu, gero ya yi kore shar hagu da dama, Lantana ba ta ɗaga kai ta duba ba.

A babban asibitin Gusau malamin da ke yanka kati ya tambaya, "Sunanta?" Delu ta waiga ta ga ko akwai wanda zai faɗa. Ba kowa sai baƙi a layi, ita kuwa mai sunan ta sunkuyar da kai.

"Baba, sunanta nike tambaya, mutane na jira."

"Lantana," in ji Delu. Sunan ya fito mata baƙo a baki, ga shi kuwa ita ta fi kowa riƙe shi a zuci. Mai sunan ta ɗan ɗago ta dube ta.

Aka tura su wurin wata ma'aikaciyar jinya mai furfura, Malama Uwani, ita ke yi wa likita tafinta, don shi baƙo ne daga wata ƙasa, Hausarsa ba ta wuce sannu ba. Delu ta fara kewaye-kewaye, wai rashin cin abinci ne da kasala. Malama Uwani ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Inna, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Sai Delu ta zazzage komai, har maganar rijiya.

Malama Uwani ba ta yi salati ba, ba ta riƙe baki ba, kuma wannan kaɗai ya sanyaya wa Delu rai. Ta ja kujera kusa da Lantana ta riƙa tambayarta a hankali. Tana barci? Tun yaushe abinci ya fita ranta? Tana jin ita ba ta da amfani? Ta taɓa tunanin ta raba kanta da duniya? Delu ta ji kamar ƙasa ta tsage don nauyin tambayar, amma sai ta ga Lantana tana gyaɗa kai, tana amsawa, kamar wadda ta daɗe tana jiran a tambaye ta.

Bayan likita ya gama dubawa, Malama Uwani ta juya musu bayaninsa. Ta ce ciwo ne sananne, yana kama wasu mata bayan haihuwa, a nan da can ƙasarsu likita duka. Yana kama maza ma, da matan da ba su haihu ba, ya danne zuciya har mutum ya daina jin daɗin komai. Ba rashin imani ba ne, ba ƙin yaro ba ne, kuma ana warkewa.

"Ga ƙwayoyi, amma ba irin na ciwon kai ba ne da za a sha yau a ji sauƙi yau. Sai an yi haƙuri. Inna, ke za ki riƙe su wurinki, ki ba ta da hannunki. Kada a bar ta ita kaɗai. Ku dawo bayan mako biyu, in kuwa abin ya yi tsanani kada ku jira, akwai manyan likitocin wannan ciwo da za mu tura ku wurinsu. Addu'a kuma kada a fasa." Ta dubi Delu sosai. "Sannan a riƙa yi mata hira. Ko ba ta amsa ba, a yi."

Hira! Da an ce Delu ta yi noman kadada da ya fi mata sauƙi. Amma ta ɗauko tabarmarta ta koma ɗakin mai jego. Ta kawo surfenta da tsince-tsincenta bakin ƙofar, tana yi tana magana ita kaɗai kamar rediyo, labarin akuyar maƙwabta, tsadar gishiri, yadda aka yi bikinta da Malam. Maganin ya riƙa busar wa Lantana da baki, yana sa ta gyangyaɗi. Mako biyu suka wuce ba wani sauyi da ido zai gani. Gwaggo Kulu ta ce, "To, ga maganin Nasara nan mun gani." A unguwa kuwa magana ta bazu, wasu su ce aljanu, wasu su ce abin a jini yake. Wata da ke nema wa ɗanta ƙanwar Lantana ta ɗauke ƙafa. Akwai ranakun da Delu kanta ta yi shakka, ta shiga madafa ta yi kukanta ta ce hayaƙi ne.

Da arba'in ta cika, Ɗahiru ya zo da gwaggwanninsa daga Bungudu ɗaukar matarsa. A al'ada Delu ba ta haɗa ido da suruki, balle mijin 'yar fari. Ta yafa gyale ta fita zaure ta same shi. Ɗahiru ya zabura ya durƙusa, ya rasa inda zai sa idonsa. Ta gaya masa abin da likita ya ce, ta ce ba za ta ba da yarinyar yanzu ba.

Ɗahiru ya ce, "Inna, ashe ciwo ne? Ranar suna na yi mata magana ta kau da kai. Ni na zaci ta daina so na ne, na rasa laifin da na yi." Ya share ido da hannun riga. "Ta zauna har ta ji sauƙi. In an yarda, in riƙa zuwa."

Gwaggwannin suka koma suna ƙunƙuni. Shi kuwa duk Juma'a sai ya rufe shago ya zo, wata rana da 'yar rigar da ya ɗinka wa Iro, ya zauna bakin ƙofa yana ba Lantana labarin Bungudu. Ranar komawa asibiti ya tare su a tashar Gusau. Can Malama Uwani kan shige da Lantana ita kaɗai su daɗe, Delu ba ta taɓa tambayar abin da suke faɗa ba. Gwaggo Kulu ma, duk da bakinta bai mutu ba, ita ke karɓar Delu zaman in za ta ɗora tukunya.

Sauƙin bai zo da ganga ba. Wata rana Lantana ta cinye rabin tuwonta. Wata rana ta ce kanta na ƙaiƙayi, a tsefe mata. Sai kuma a wayi gari ta koma jiya, ta ƙi tashi, ta ce ita nauyi ce a kan kowa. Haka aka yi ta yi, yau gaba gobe baya, har aka yanke gero, aka fara cirar gyaɗa.

Wata la'asar tsakar gidan na cike da matan maƙwabta da suka zo taya ɓarar gyaɗa. An shimfiɗa wa Iro zani a inuwa, ya yi ɓul-ɓul, yana ta harba ƙafafu. Delu na daka a gefe. Lantana na zaune kusa da yaron tana ɓara a hankali, sai ya miƙa hannu ya damƙi ɗankunnenta ya ja da iyakar ƙarfinsa.

"Wayyo! Kai, ja'iri, za ka tsinke mini kunne!" Ta ɓamɓare ɗan hannun, yaron ya ƙyalƙyale da dariya. Ta tsaya tana kallonsa. Sai ta ture ƙwaryar gyaɗar, ta sure shi ta ɗaga sama, ta cusa fuskarta a cikinsa tana hura masa iska, shi yana dariya ita tana dariya, a gaban kowa da kowa.

Mata suka dubi juna. Gwaggo Kulu ta tafa hannu. "La ila! Ke Lantana, ɗan fari ne fa! Gaban mutane? Ina kunyar taki?"

Taɓarya ta tsaya a hannun Delu. Hawaye ya cika mata ido, ba ta ɓoye ba, ba ta ce hayaƙi ba ne.

"Ƙyale ta, Yaya," ta ce. "Tun damina nike roƙon Allah ya nuna mini wanga rashin kunya."